Shan Alwashi da Shan Taba: Wa Ya Fara Saɓa Alkawari?

Hausa ta yi wa kalmar "sha" shimfiɗa mai faɗi. Mutum yakan sha ruwa, ya sha iska, ya sha wahala, ya sha kashi. Yakan kuma sha alwashi, ya sha taba. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne ke yin karo da juna a duk ƙarshen watan Disamba a Yola da Jimeta. A daren 31 ga wata, lokacin da majami'u ke cika da masu jiran shigowar sabuwar shekara, teburan masu shayi kuma ke cika da 'yan hira saboda sanyin hunturu, ba a rasa magidanci ko saurayi da zai murje guntun sigari da takalminsa, ya ɗaga murya ya ce daga yau shi da taba haihata-haihata. Kafin watan Janairu ya raba tsakiya sai a hango shi a bayan wani shago, ya juya wa titi baya, hayaƙi yana tashi ta saman hularsa. Daga nan sai shewa ta ɓarke: "Ai dama mun faɗa," "mai hali ba ya fasa halinsa," "sabo turken wawa."

Da wannan shewa muke jayayya. Ba mu musa cewa alkawari kaya ne ba, ba kuma mu zo mu wanke mashayi daga laifin cutar da kansa da iyalinsa ba. Abin da muke cewa shi ne, jama'ar da ke yi masa dariya ita ma ta ɗauki alkawari a kan taba, ta rubuta shi a takarda, ta sa masa hannu, sannan ta saɓa shi tun kafin mashayin ya saɓa nasa. Matuƙar ba mu dubi wancan babban alkawari ba, to an bar jaki ne ana dukan taiki.

Kafin mu kai can, ya dace mu san irin abokin kokawar da wannan bawan Allah ya tunkara shi kaɗai cikin dare. A cikin ganyen taba akwai wani sinadari da ake kira nikotin. Idan aka zuƙi hayaƙi, wannan sinadari yakan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya haifar da ɗan nishaɗi da natsuwa. Sai dai ba ya daɗewa a cikin jini. Cikin kimanin sa'o'i biyu rabinsa ya gushe, jiki ya fara neman ƙari. Wanda ke shan kara 10 a yini, yana zuƙar kowanne sau 10, ya koya wa ƙwaƙwalwarsa darasi guda sau 100 kafin ya kwanta barci. Wane ɗalibi ne za a maimaita wa karatu sau 100 kowace rana har shekara 15, sannan a ce ya mance da shi a dare ɗaya don kawai an sauya kalanda a bango? Ranar da ya daina, jiki yakan yi bore: fushi ba dalili, rashin barci, kasa tattara hankali, yawan jin yunwa. Wannan bore ya fi tsanani a kwanaki ukun farko zuwa mako guda, sannan ya riƙa sassautawa cikin makonni biyu zuwa huɗu. Binciken likitoci ya nuna cewa daga cikin mutum 100 da suka yi yunƙurin bari ba tare da wani taimako ba, uku zuwa biyar ne kawai ke kaiwa watanni shida zuwa shekara ba su koma ba. Ashe ke nan wanda muke wa dariya a tsakiyar Janairu yana cikin mafi rinjayen 'yan Adam, faɗuwarsa kuwa ta zo daidai lokacin da ilmin likitanci ya ce za ta zo.

Masu sana'ar taba sun san wannan tun da daɗewa, ko da yake sun jima suna musu. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka bayyana a Ingila cewa akwai alaƙa mai ƙarfi tsakanin shan sigari da sankarar huhu. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya tabbatar da haka, a 1988 kuma ofishin nasa ya bayyana nikotin a matsayin abin da ke kama jiki kamar sauran miyagun ƙwayoyi. Duk da haka, a watan Afrilu na 1994 shugabannin manyan kamfanonin taba bakwai suka tsaya gaban Majalisar Dokokin Amurka, suka yi rantsuwa, suka ce su a saninsu nikotin ba ya kama jiki. Shekara huɗu bayan haka, a 1998, manyan kamfanonin suka amince su biya jihohi 46 na ƙasar kuɗin da ya kai dala biliyan 206. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara, cikinsu har da fiye da miliyan 1 waɗanda ba su taɓa kunna sigari ba, hayaƙin wasu kawai suka shaƙa. A wurinmu waɗannan su ne matar da ke kwana a ɗaki ciki da falo tare da mashayi, da jaririn da ke goye a bayanta, da yaron mota da ke zaune kusa da direba daga Jimeta har Mubi.

To, mu komo kan alkawarin da muka ce jama'a ta ɗauka. Nijeriya ta sha alwashi a kan taba har sau huɗu. Na farko a 1990, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, aka kafa Dokar Soja mai lamba 20 wadda ta hana shan taba a wurare irin su makarantu da asibitoci da ofisoshi da motocin haya, ta kuma wajabta rubuta gargaɗi a jikin kwali. Na biyu a 2005, lokacin da ƙasar ta tabbatar da shigarta yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba wadda aka amince da ita a 2003. Na uku a watan Mayu na 2015, lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa. Na huɗu a 2019, da aka fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita. Dokar 2015 ba ta yi nuƙu-nuƙu ba. Ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, ta hana a sa shi ya sayar. Ta hana talla. Ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, ta yanka tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya saɓa. Sannan ta hana sayar da sigari kara-kara. Dole sai a cikin kwali rufaffe mai aƙalla kara 20.

Duk mai son ya san inda wannan alkawari ya kwana, ba ya bukatar kwamitin bincike. Ya taka daga bakin babbar kasuwar Jimeta zuwa tashar Jambutu, ya ratsa Doubeli da Luggere, ya tsallaka gada zuwa hanyar Girei, ko ya gangara cikin garin Yola, ya riƙa duban teburan 'yan tireda. Tsakanin alewa da ashana da goro zai ga kwalin sigari a buɗe, baki sama, ana zarar kara ɗaya-ɗaya, ga kuma abin kunnawa an ɗaure da zare don kada mai saye ya wahala. Wannan buɗaɗɗen kwali shi ne makarin alwashin sabuwar shekara. Mutumin da ya yi kwana biyar yana fama da kansa ba zai tafi ya sayi kwali guda ba, domin yin haka shelar faɗuwa ce, kuma kuɗin da nauyi. Amma kara ɗaya? Canjin da ya rage bayan shayi da burodi ya isa, in ma babu, mai tebur zai ba shi bashi. Zuciya kuwa ta iya lallashi: "ɗaya tak, don sanyin nan." Likitoci sun san cewa mafi yawan waɗanda suka ɗanɗana wannan "ɗaya tak" sukan koma gidan jiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa faɗinta bai wuce na kara ɗaya ba.

Ɓarnar kara-kara ba ta tsaya nan ba. Tun daga 2021 doka ta tilasta wa kamfanoni su buga hoton illar taba a jikin kwali, wanda zai rufe aƙalla rabin fuskarsa, domin wanda bai iya karatun Turanci ba ya gani da idonsa. Mai sayen kara ɗaya ba ya riƙe kwali, saboda haka hoton yana can yana yi wa mai tebur wa'azi shi kaɗai. Gwamnati ta ƙara harajin taba a 2018 don tsada ta kori masu sha. Kara-kara ya daddatsa tsadar ta zama ba a jin zafinta. Mu ɗauka, don misali kawai, kara ɗaya naira 50 ne. Mai shan 10 a yini ya ƙone naira 500, a shekara naira 182,500, wato fiye da albashin wata biyu da rabi na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Da a dunƙule ake karɓar wannan kuɗi, da mutane da yawa sun farga tun tuni. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, amma wanda ake ƙona wa rumbu zangarniya-zangarniya ba ya ganin gobara. Mafi muni kuma, kara ɗaya shi ne ƙofar da yara ke shiga. Yaron da uba ko yaya ya aika "je ka sayo mini kara biyu" ya koyi hanyar teburin, ya koyi sunan abin, ya ga ba a tambayarsa shekarunsa. Ranar da ya sami nasa canjin, ba ya bukatar jagora.

Mun san amsoshin da za a ba mu, kuma ba mu raina su ba. Za a ce mai tebur talaka ne, da ribar nan yake ciyar da iyali, a wannan zamani na tsadar rayuwa ba daidai ba ne a taɓa abincinsa. Gaskiya ne talaka ne. Amma wanda yake sayar wa shi ma talaka ne, matar da za ta sayar da akuyarta don jinyar miji ita ma talaka ce. Kuma doka ba ta hana shi sayar da taba ga baligi ba, buɗe kwali ta hana. Ba ma kiran a yi ta kamen 'yan tireda ana cika ofisoshin 'yan sanda da su, domin mun san yadda irin wannan kame kan rikiɗe ya zama hanyar karɓar na goro. Ruwa daga sama yake gangarowa. A fara da dillalai da manyan masu rarrabawa. A watan Disamba na 2023 hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta ci kamfanin British American Tobacco na Nijeriya tarar dala miliyan 110 saboda saɓa dokoki, ciki har da dokar taba. Wannan ya nuna cewa hukuma tana da haƙora idan ta ga dama. Abin tambaya shi ne me ya sa cizon ba ya isowa unguwanni.

Za a kuma ce ai masu shan taba a ƙasar nan kaɗan ne, ga matsaloli manya sun yi mana katutu, ga ƙwaya, ga rashin tsaro, ga yunwa. Ƙididdigar da aka yi a faɗin ƙasa a 2012 ta nuna cewa kashi 5.6 cikin ɗari na manya ne ke amfani da taba, wato namiji ɗaya cikin 10, mace kuwa kusan ɗaya cikin 100. Idan aka kwatanta da wasu ƙasashe, adadin ƙarami ne. Amma ƙanƙantarsa ita ce hujjar tashi tsaye, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kamfanonin da kasuwarsu ke raguwa a Turai da Amurka ba su kafa masana'anta a Ibadan a 2003 don sha'awar yanayin garin ba. Sun ga ƙasa mai cike da matasa. Yanzu ga shisha ta shigo da ƙamshin tuffa da na'a-na'a, tana jan 'yan mata da samarin da ke ƙyamar warin sigari. Mu da ke aiki a makarantu mun kuma san cewa yaron da ya faɗa wa wiwi ko ƙwaya sau da yawa da karan sigari ya fara koyon ɓuya a bayan aji.

Amsa ta uku ita ce ta masu cewa taba tsohuwar al'ada ce. Haka ne. Ganyen ya iso Afirka ta Yamma tun wajen ƙarshen ƙarni na 16, har malamai suka yi ta muhawara a kansa; Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawar halacci a 1607, wasu suka haramta, mabiya ɗariƙar Tijjaniyya kuma sun shahara da nisantarta. Kakanninmu sun san lofe da taba gari, iyayenmu mata sun goga fure a haƙora. Amma Bahaushen da ya san duk wannan shi ne ya ce taba ta bambanta da garin gero. Waɗancan malamai sun yi muhawara ba su da labarin sinadarai fiye da 7,000 da ke cikin hayaƙin sigari, waɗanda kimanin 70 daga cikinsu ke haddasa ciwon daji. Mu da muka sani ba mu da uzurinsu.

Hujjarmu mafi ƙarfi tana cikin garin nan, kowa kuma ya shaida ta. A watan Ramalana mashayin da ba ya iya sa'a biyu ba hayaƙi yakan yini cur, sa'o'i 13 ko fiye, bai kunna ba, ko da azumin ya faɗo cikin zafin Yola na watan Maris ko Afrilu. Haka wasu Kiristoci kan ajiye ta a kwanaki 40 na azuminsu. Jikin bai sauya ba, nikotin bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne gari: imani ya riƙe shi daga ciki, abokan hira ba sa sha a gabansa, ba mai miƙo masa, kunya ta tsare shi ta ko'ina. Da zarar an sha ruwa, gari ya saki, shi ma ya saki. Wannan ya isa ya nuna cewa ƙarfin zuciyar mutum yana ƙaruwa ko ya ragu gwargwadon abin da ke kewaye da shi. A ranar 1 ga Janairu kuwa mun bar shi shi kaɗai, ga tebur a ƙofar gida, ga aboki yana busa masa hayaƙi yana cewa "mu ga iya gudun ruwanka."

Mu ma'abota alƙalami ba mu kuɓuta ba. Sau nawa muke karanta gajeren labarin ɗalibi inda jarumi, in ya shiga tunani mai zurfi, sai ya kunna sigari ya zuba wa silin ido? Wannan hoto aro ne daga finafinan ƙetare da tallan kamfanoni. Ɗaya daga cikin mutanen da suka fito a tallan Marlboro da hular makiyayan Amurka, Wayne McLaren, sankarar huhu ce ta kashe shi a 1992, ya kuma ƙare kwanakinsa yana gargaɗin jama'a. A 2024 hukumar tace finafinai ta ƙasa ta fitar da ƙa'idar hana ƙawata shan taba a fim. Marubuci ba ya bukatar hukuma ta hana shi. Gaskiya kawai ake nema daga gare shi. In zai rubuta hayaƙin, ya rubuta tarin asuba, ya rubuta warin da ke riga, ya rubuta fuskar yarinyar da aka hana kuɗin littafi aka sayi kara biyar.

Ga wanda ke da niyyar bari kuwa, maganarmu gajeriya ce. Kada ya jira Janairu, ko Muharram, ko wata ranar da kalanda ta yi wa jan rubutu, domin sau da yawa sanya rana mai nisa lasisin ci gaba da sha ne har ranar ta zo. Ya zaɓi rana cikin makonni biyu masu zuwa. Ya faɗa wa matarsa da aminansa, ya fitar da sigari da ashana daga ɗaki da aljihu, ya sauya teburin da yake shan shayi na ɗan lokaci, ya san cewa ƙishirwar kan taso ta lafa cikin 'yan mintoci. Ya je asibiti ya nemi shawarar likita, domin akwai cingam na nikotin da filastar da ake mannawa a fata da wasu magunguna, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara a jagoran da ta fitar a watan Yuli na 2024. Shawara tare da magani kan ninka damar nasara fiye da sau biyu. In ya faɗi, ya tashi a washegari, kada ya ce sai baɗi. Mafi yawan waɗanda suka bari sai da suka gwada sau da dama. Ribar kuwa tabbatacciya ce. Binciken da aka bi likitocin Ingila da shi na tsawon shekara 50, daga 1951 zuwa 2001, ya nuna mashayi kan yi asarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa, amma wanda ya bari yana ɗan 30 kan ceto kusan dukkansu, ɗan 40 ya ceto tara, ɗan 50 ya ceto shida, ɗan 60 ma ya ceto uku.

Saura namu alkawarin. Ƙananan hukumomin Yola ta Arewa da Yola ta Kudu suna da ikon tara shugabannin kasuwa da na tasha su karanta musu dokar 2015 da Hausa da Fulatanci. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da Asibitin Ƙwararru na Jimeta suna iya ware ranar da mai son bari zai zo a saurare shi ba tare da tsangwama ba. Limamai da fastoci suna da mumbari, masu unguwanni suna da ƙofar gida, makarantunmu suna da harabar da doka ta riga ta ce ba a shan taba a cikinta. Kowane magidanci kuma yana iya yanke wa kansa hukunci yau cewa ba zai ƙara aiken yaro sayen sigari ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda bai sauke ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, idan ya hango maƙwabcinsa a bayan shago a tsakiyar Janairu, to ya haɗiye dariyarsa, ya fara tambayar wa ya buɗe kwalin.